Zakin da Idonsa Ya Sauko Haɓa

Shekara ashirin da shida ya yi yana gyaran kwamfutoci da injinan buga takardu a wani babban ofishi. A can aka laƙaba masa Injiniya, shi kuwa bai ga dalilin ɓata wa mutane lokaci da bayanin cewa takardar da ke hannunsa ta kwas ɗin wata tara ce ba. Da ya yi ritaya sai ya taho gida da sunan, da baƙar jakar kayan aiki mai zif biyu, da tabarau mai igiya da yake ratayawa a wuya. Maƙwabta Injiniya suke ce masa, matarsa ma haka idan tana son ya duba mata fanka. Mutum ɗaya ce ba ta taɓa kiransa da sunan ba, wato yayarsa da ta goya shi yana jariri. Ita har gobe Auta take ce masa, da furfurarsa da jikokinsa biyu.

Yaya tana da shagon ɗinki a saman wani bene, ƙasansa masu sayar da fenti ne. Kekuna bakwai ne a jere a jikin taga, ga teburin yanka, ga na guga, sai can ƙurya abin da take taƙama da shi: wani ƙaton keken ado mai allura goma sha biyu, wanda yake ɗinka suna ko fure ko tambari a jikin riga. Na hannu ta saya, kuma tsoho ne tukuf. Ba ya iya riƙe zane mai yawa a kansa, sai dai kwamfuta ta riƙa turo masa ta waya yana ɗinkawa. Mai kula da shi wata mata ce da ta haura arba'in, ta yi shekara takwas a shagon ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba. Shiru-Shiru ake kiranta, tana kuma amsawa.

Wata huɗu kafin abin ya faru, Injiniya ya zo gaishe da Yaya, ya ga kwamfutar a gefen keken, ƙurar zare ta yi mata hula. Ransa ya sosu. Ya ce wannan ai zalunci ne, dole a mayar da ita kusa da teburin Yaya inda iska take shigowa. Wayar da ta zo da keken gajera ce, don haka ya ce shi zai haɗa doguwa da hannunsa. Kan wayar haƙora tara gare shi. Ya liƙe uku da dalma, ya ce sauran shidan ado ne kawai, masu kamfani ke sa su don a ga kamar an sha wahala. Ya bi bango da wayar, ya kafe ta da ƙananan ƙusoshi tsaf kamar da ita aka gina ɗakin. Aka gwada ɗinka suna a wata rigar makaranta, ya fito raɗau. Ranar sai da ya kira telolin shagon ɗaya bayan ɗaya suka zo suka ga wayar.

To wata Talata da safe yana kishingiɗe da jarida sai ga kiran Yaya.

"Auta, zo ka ga abin da kekenka yake yi mini."

Ya lura da maganar. Idan keken yana aiki na Yaya ne, idan ya birkice ya zama nasa. Ya tashi ya saɓa jaka. Matarsa ta leƙo daga kicin ta ce ga ruwan shayi nan ta ɗora.

"Bar shi a wuta," in ji shi. "Kafin ya tafasa na dawo."

Abin da ya tarar shi ne, wani kamfanin masu gadi ya kawo riguna sittin shuɗaye a ɗinka musu kan zaki a ƙirji, kuma ranar Asabar za a zo ɗauka. Yaya ta miƙo masa riga biyu da aka riga aka ɗinka. Zakin ya fara lafiya lau, kunne a wurin kunne, goshi a wurin goshi, idon dama a inda Allah ya ajiye shi. Daga inda geza ta fara sai komai ya zame. Idon hagu ya sauko haɓa, hanci ya koma gefen kunci, gezar kuwa ta kama hanyar hammata. Zakin riga ta biyun ma ya fi muni, kamar zakin da babbar mota ta bi ta kansa ya tashi yana neman ba'asi.

Injiniya ya sa tabarau, ya cire, ya yi irin murmushin da ya saba yi wa sakatarori a ofishi.

"Ƙwayar cuta ce. Wa yake kallon fim a kwamfutar nan?"

Telolin suka sunkuyar da kai, don kuwa dukkansu suna kallo. Hakan ya yi masa daɗi. Ya yi awa biyu yana wanke kwamfutar, ya zaƙulo ƙwayoyi uku ya kashe su a bainar jama'a, sannan ya ce a kawo riga.

"Injiniya, da a ƙyalle muka gwada tukuna," in ji Shiru-Shiru a hankali.

"Gwajin me? Ai na gama. Sa riga."

Ta ɗaure rigar a zoben keken ta danna maɓalli. Allurai suka kama sukuwa, kowa ya bar aikinsa ya zo ya kewaye. Minti huɗu ana kallo. Kunne ya fito, goshi ya fito, idon dama ya fito. Sai idon hagu ya sauko haɓa.

"Yawwa," in ji Injiniya. "Yanzu na kama shi. Direba ne."

"Wane direban?" in ji Yaya. "Mai kawo mana yadi? Shi ko benen nan ba ya hawowa."

Ya yi mata bayani cewa direba wata 'yar manhaja ce da ke zama tafinta tsakanin kwamfuta da keke. Bayanin ya yi tsawo, don sai da ya haɗa da labarin wani injin buga takardu da ya taɓa cetowa a gaban babban darakta, ana saura minti goma a shiga taro. Ya cire tsohon direba ya sa sabo. Riga ta huɗu ta tafi. Ya ce to lallai zanen ne ya lalace a hanya, a kira wanda ya zana ya sake turowa. Aka turo. Riga ta biyar ta bi 'yan'uwanta.

Rana ta yi sanyi sosai kafin ya shiga gida. Matarsa ta karɓi jakar, ta shiga kicin ta dawo ta ajiye masa kofi a gabansa.

"Ga shayin. Ya ɗan tafasa."

Ya yi kamar bai ji ba. Ya shiga gaya mata cewa irin wannan matsala ba kowa ne zai ma gane akwai ta ba, kuma a yau kaɗai ya kawar da dalilai uku, wanda a wurin masana babban ci gaba ne. Ta ce madalla. Can ta ce, ko zai kira wani daga cikin abokan aikinsa na da su haɗa kai? Ya ajiye kofin ya dube ta.

"Waɗanda ni na koya wa riƙe sukundireba?"

Ta ce Allah ya ba shi haƙuri, ta ci gaba da ninke wanki.

Ranar Laraba ya iso da sabuwar dabara. Ya ce wutar lantarki ce take shiga tsakani, musamman dutsen guga. Ya sa aka cire dutsen, aka tsayar da kekuna bakwai, aka kashe fankoki, har firinjin da Yaya take sa ruwa. Mutum goma suka tsaya cikin zafi suna zufa suna kallon keke ɗaya, mai guga tana fifita da kwalin maɓallai. Riga ta shida ta fito da zaki mai ido a wuya. Ya sauka wurin masu fenti ya aro na'urar daidaita wuta, ya hawo da ita yana haki, gwiwarsa ta hagu tana ƙara a kowace matakala. Riga ta bakwai.

Nan Yaya ta kwashe ragowar rigunan ta zuba a kabad ta kulle, ta jefa mukullin a jakarta.

"Daga yanzu a ƙyalle za ka yi ta kisan zakunanka."

Ana cikin wannan sai Shiru-Shiru ta matso kusa da shi, ta yi ƙasa da murya yadda shi kaɗai zai ji.

"Injiniya, ko wayar ce?"

Da marinsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Wace wayar? Wadda na haɗa?"

Ya zuge jaka ya fito da mitar gwada waya. Ya sa mai guga ta riƙe kan wayar na can, shi ya riƙe na nan, ya taɓa haƙori na farko, mita ta yi ƙara. Na biyu ta yi ƙara. Na uku ta yi ƙara. Ya ɗaga mitar sama ya juya da ita kamar wanda ya ci kofi.

"Kun ji da kunnenku. Wata huɗu tana aiki, yau ne za ta koyi ƙarya?"

Shiru-Shiru ta ce ya yi haƙuri, ta koma kujerarta.

Tambayar dai ta ƙi barinsa. Da aka fita cin abincin rana ya ja Yaya gefe, bayan allon katakon da ya raba teburinta da sauran shagon. Allon nan bai kai rufi ba, kuma ya san bai kai ba. Ya ce shi ba ya son shiga tsakanin mutum da abincinsa, amma ya duba kwamfuta, ya duba wuta, ya duba waya, abu ɗaya ya rage.

"Me ya rage?"

"Hannu. Ko ba ta ɗaure zoben da kyau, ko tana taɓa wani abu ba ta sani ba. Kin san mutum idan ya daɗe a wuri."

Yaya ta riga ta kwana biyu da fargabar Asabar, neman inda za ta sauke take yi. Ta fito ta tarar da Shiru-Shiru zaune da kwanon abincinta a cinya, ta wanke ta tas. Ta ce shekara takwas ba hujja ba ce, ta ce idan gajiya ta yi ta faɗa, ta ce daga yau ta koma sa maɓalli har sai an ga abin da hali ya yi. Shiru-Shiru ta rufe kwanon, ta ce to Anti, ta ɗauki allura da zare ta koma ƙarshen layi.

Injiniya ya zauna a kujerar keken. Ya ɗaure ƙyalle da kansa, ya ja har sai da zoben ya yi ƙara. Ya ce gaggawa ce take ɓata aiki, ya rage gudun keken zuwa rabi. Wannan karon zakin ko idon dama bai samu ba, daga goshi ya watse. Ya ƙara rage gudun. Kunne ɗaya aka samu, sauran kuwa kamar kaza ta yi tono a cikin zare.

"An riga an rikita shi," in ji shi, yana kallon bango. "Sai ya huce."

Ranar bai tsaya yi wa matarsa bayanin ci gaba ba. Ya ci abinci kaɗan, ya ce kansa ne yake ciwo.

Alhamis ya yi sammako don ya samu ya yi kame-kamensa babu 'yan kallo. Masu fenti ma ba su gama buɗewa ba. Amma da ya hau sai ya tarar da ƙofa a buɗe, Shiru-Shiru tana tsaye a gaban teburin yanka. Ta jera rigunan nan bakwai da ƙyallaye biyun, kowanne zaki yana kallon sama da abin da ya samu na ido. A ƙarƙashin kowanne ta rubuta lamba da allin tela.

Suka gaisa sama-sama. Ya so ya wuce, ƙafarsa ta ƙi.

"Wannan kuma fa?"

"Keken yana ƙirga ɗinki a ɗan gilashinsa," in ji ta. "Duk sanda ya zame ina duba lambar in riƙe. Bakwai ɗin nan duk wajen dubu uku suka zame, wani ya ɗan wuce, wani bai kai ba. Naka na farko da ka rage gudu, dubu da ɗari shida. Na biyun, ɗari tara."

Ya sa tabarau.

"Sannan," ta ci gaba, "na duba littafin aiki. Tun da aka mayar da kwamfutar can, sunayen 'yan makaranta muke yi da ƙananan furanni. Babu wanda ya kai dubu biyu. Zakin nan dubu takwas ne. Ni dai ban san kwamfuta ba. Amma abin ya yi mini kama da idan ana ba jariri koko da cokali, ana ɗura masa bai haɗiye na baki ba. In ya yi jinkirin haɗiya sai ya fi saurin zubarwa."

Injiniya ya tsaya da jakarsa a kafaɗa. Abin da ta faɗa ya shiga kansa ya zauna daram, ya kuma ƙi jinin yadda ya zauna. Kwamfuta tana turo zane da gudu ɗaya. Keke yana da ɗan wurin ajiya, yana ɗiba yana ɗinkawa. Idan zanen ƙarami ne, yana ƙarewa kafin wurin ya cika. Idan babba ne, wurin sai ya cika, abin da ya biyo baya ya zube. Kuma kowane ɗinki daga inda na baya ya tsaya ake auna shi, in kaɗan suka ɓace a tsakiya, duk na bayansu sai su sauka a inda ba nan ba. Ido ya koma haɓa ke nan. Amma ai masu ƙera keken ba mahaukata ba ne. Dole akwai hanyar da keke yake ce wa kwamfuta ta dakata ya haɗiye. Ta wace hanya zai faɗa?

Ta waya. Ta ɗaya daga cikin haƙora shidan nan na ado.

Sai kuma ya tuna wani abu da ya manta da gangan. Ranar da ya haɗa wayar, da farko kwamfutar ƙin turawa ta yi, ta tsaya tana jiran izini daga keke. Shi kuwa ya shiga cikin manhajar ya samu wani ɗan akwati da ke cewa a jira izini, ya cire masa alama, aiki ya tafi. Har ya ce wa mai guga a lokacin, kin ga bambancin gwani da ɗan koyo.

Zufa ta karyo masa, ga shi da safe, ga fanka tana juyawa.

"Malama," ya ce. Bai taɓa kiranta da haka ba. "Tsohuwar wayar nan, gajerar, an jefar da ita ko?"

Ta ja durowar keken, ta ɗaga wata leda ta kwarkwaro, ta fito da wayar a naɗe da ɗan ƙyalle.

"Ka ce a jefar. Ni kuma ba na iya jefar da abu."

Ya ciro mita, ta riƙe masa kai ɗaya. Haƙori na farko ƙara, na biyu ƙara, na uku, na huɗu, na biyar. Kowace ƙara kamar ana kiran sunansa a kotu. Bai ƙarasa taran ba ya kashe mitar. Su biyu suka ciccibo kwamfutar daga wurin iska suka mayar da ita cikin ƙurar zarenta. Ya jona gajerar waya, ya shiga manhaja ya mayar wa ɗan akwatin nan alamarsa. Ya tashi daga kujerar ya nuna mata.

"Ke za ki sa."

Ta ɗaure ƙyalle ta danna. Kunne, goshi, idon dama. Injiniya ya zuba wa ɗan gilashin ido. Dubu biyu da ɗari takwas. Dubu uku. A fuskar kwamfutar ya ga layin turawa ya tsaya cak, ya ɗan jira, ya ci gaba, ya sake tsayawa. Idon hagu ya fito daidai da ɗan'uwansa. Geza ta zagayo ta rufe. Bayan minti goma sai ga zaki sosai, mai kwarjini, yana kallonsa kamar ya san komai.

Shiru-Shiru ta yanke zaren da ya yi saura, ta miƙa masa ƙyallen.

"Ban gaya wa Anti komai ba," in ji ta. Ta share lambobin allin da tafin hannu, ta tattara rigunan, ta koma ƙarshen layi wurin maɓallanta.

Ya fahimci abin da ta ba shi. Yana da kusan rabin awa kafin Yaya ta iso, kuma a cikin rabin awar nan ya shirya jawabi mai kyau ƙwarai. Zai ce matsala ce mai sarƙaƙiya da ta haɗa wuta da direba da nisan zango, ya kwana yana nazari, ya gano cewa a kimiyyance gara kwamfutar ta dawo kusa. Babu ƙarya zalla a ciki, kowace jimla tana da ɗan abin da za ta dafa.

Telolin suka fara shigowa, kowa ya ga zakin sai ya yi salati ya ce sannu Injiniya. Yana amsawa da ɗaga hannu. Can sai ga Yaya tana hawowa da ƙyar, da jakarta da fulas ɗinta. Ta karɓi ƙyallen ta kai shi taga, ta juya bayansa, ta shafa gezar da yatsa. Ta dube shi, idonta ya ɗan kawo ruwa.

"Kai," ta ce. "Ashe dai da gaske Injiniya ne."

Shekara hamsin da takwas yana jiran wannan magana. Ya ji ta har tafin ƙafarsa. Ya gyara tsayuwa, ya yi gyaran murya, ya fara.

"Wato Yaya, matsala ce mai sarƙaƙiya..."

Amma Yaya ta riga ta juya wajen ƙarshen layi.

"Ke kuma kin gani ko? Kwana uku kin sa bawan Allah yana hawa bene da ciwon gwiwa. Ki zo ki tsaya ki ga yadda yake yi, ko kya koya."

"To Anti," in ji Shiru-Shiru, ta soke allurarta a jikin riga ta miƙe.

Bai ci gaba da jawabin ba. Ya dubi doguwar wayarsa da ke bin bango tsaf da ƙusoshinta, ya dubi matar da ke tahowa ta koyi aiki a wurinsa.

"Yaya, ba ita ba ce."

"Ba ita ba ce me?"

"Ni ne. Wayar da na haɗa ce. Haƙora tara ne na liƙe uku. A cikin waɗanda na bari akwai wanda keken yake cewa a dakata da shi. Ita ta gano, da alli. Jiya ma ta faɗa na ƙi ji, na je na ce miki hannunta ne."

Yaya ta ajiye fulas a hankali. Ta dube shi tun daga furfura har takalmi.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Keke yana cewa a dakata, ka yanke masa harshe?"

"Kusan haka ne."

Mai guga ce ta fara dariya, ta toshe baki da gyale amma abin ya fi ƙarfinta. Daga nan shagon ya ɗauka. Yaya ba ta yi dariya ba sai da ta je har inda Shiru-Shiru take, ta kama hannunta biyu, ta ce ta yafe mata, bakinta ne ya riga hankalinta. Shiru-Shiru ta ce ba komai Anti. Injiniya ma ya matsa ya ba ta haƙuri, maganar tana fita da ƙyar kamar ƙusa mai tsatsa. Ta ce ba komai Injiniya, ai an samu zaki.

Ya ce zai sake haɗa doguwar wayar, wannan karon da haƙora tara cif. Yaya ta ce ya bar ta a bango, ta yi wa ɗakin kyau. Sannan ta buɗe durowa ta ɗauko ɗan ƙarfen farke ɗinki, ta jawo wata gajeriyar kujera da ƙafa ta ajiye kusa da teburin guga, ta zube masa riguna bakwai a cinya.

"Zare ɗaya-ɗaya. In ka huda mini riga, kai za ka sa ta ka yi gadin."

Ashe cire zaki ya fi sa shi wuya. Keke minti goma yake yi, shi kuwa riga ɗaya ta cinye masa yinin Alhamis har da ɗoriya. Tabarau a karan hanci, baya a lanƙwashe, zaren ruwan ɗorawa ya manne masa a wando da gemu. Can ƙurya keke yana ta sukuwa a hannun Shiru-Shiru, zakuna suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, ana ratayewa. Ranar Juma'a matarsa ta zo da kanta ta kawo masa abinci, wai hanya ce ta biyo da ita. Ta tsaya ta kalle shi ta ƙoshi, ta ce wa Yaya in an gama da shi akwai labulen falo da yake son farkewa. Telolin suka tausaya suka ɗauke masa uku a ɓoye, Yaya ta yi kamar ba ta gani ba.

Asabar da hantsi shugaban masu gadin ya zo, wani ƙaton tsohon soja mai gashin baki, muryarsa ta cika shagon. Ya duba rigunan ya yaba ƙwarai, ya ce zakin nan ko ɓarawo ya gani sai ya gaishe shi. Yaya ta ce hamsin da tara ne, ɗaya za ta biyo baya ranar Litinin. Ya ce babu damuwa. Yana juyawa sai ya ga dattijo a gajeriyar kujera, ya duƙufa a kan rigar ƙarshe. Ya dafa kafaɗarsa da hannu mai nauyin bulo.

"Sannu baba. Yaushe aka fara koyo?"

"Shekaranjiya," in ji Injiniya, bai ɗago ba.

"Madalla. Ka dage, ka riƙa jin maganar na gaba da kai, za ka iya."

"In sha Allahu."

Har ya kai bakin ƙofa sai ya dawo.

"Af, na ji an ce kina da ƙane injiniyan kwamfuta. Injin da muke buga katin ma'aikata ya daina jin maganar kwamfutarmu, sati biyu ke nan. Ko zai leƙo mana?"

Kekuna bakwai suka tsaya a lokaci ɗaya. Yaya ta dubi rufi kamar mai tunani.

"Ya ɗan yi tafiya," in ji ta. "In ya dawo zan gaya masa."

Mutumin ya ba ta katinsa ya sauka, ana jin takunsa har ƙasa. Injiniya ya jira sai da ƙarar motar ta ɓace.

"Yaya, mu ga katin."

Ta buɗe jakarta ta jefa shi ciki ta zuge.

"Gama zakinka tukuna."

Ya sunkuya ya ci gaba da tsintar zare. Kafin ya kai ƙarshen gezar, ya riga ya gano abubuwa uku da ke damun injin da bai taɓa gani ba, kuma yana da tabbacin ɗaya daga ciki.